Ƙaddara Ba Ta Rufe Littafin Lissafi

A 1999 Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, kuma ranar 27 ga Satumba 2003 aka harba tauraron ɗan'adam ɗinmu na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a ƙasar Rasha. Wani kamfani ne a Ingila ya ƙera shi, kuɗinsa wajen dala miliyan 13. A lokacin, mu nan Daddara ta ƙaramar hukumar Jibiya, abin da ya haɗa mu da sama bai wuce hadari da tsayuwar wata ba. Yau kuwa ba sai an yi wa kowa bayanin amfanin ido a sama ba. Daji ne ya kewaye mu ta yamma da kudu, kuma abin da ke fitowa daga cikinsa a kan babura ya raba mutane da gonakinsu na nesa. Manomin da geronsa ya nuna ya bushe a tsaye, ba halin zuwa yanka, yana da haƙƙin ya tambaya: wannan ido da aka saya da kuɗin jama'a, me yake gani, kuma wa yake gaya wa?

Ba na cikin masu cewa kashe kuɗi a kan sama almubazzaranci ne tunda akwai yunwa a ƙasa. Ba kuma na cikin masu ganin binciken sama kutse ne cikin sha'anin Ubangiji. Ƙasar Katsina ta daɗe da wuce wannan gardama. A nan aka yi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Kuma da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, cikin abubuwan da ya ɗora wa mai mulki har da kula da masu sana'a, gyaran hanyoyi da kasuwanni, da tsaron garuruwa. Ilimin da al'umma ba za ta tsayu ba sai da shi farilla ce ta kifaya. Ƙasar da hamada ke ci ta arewa, ruwa ke ci ta kudu, iyakarta da Nijar kaɗai ta haura kilomita dubu ɗaya, ba ta da uzurin zama makauniya. Mu da muka ga ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 cikin dare ɗaya, mun san darajar gargaɗin da ya zo da wuri.

Abin da ya dame ni daban ne. Idan aikin da aka yi da dukiyar baitulmali ya lalace, shin faɗin "haka Allah ya so" ya wadatar?

A watan Mayu 2007 aka harba NigComSat-1, tauraron sadarwa, daga Xichang a ƙasar Sin. An ƙera shi don ya yi shekara 15. A watan Nuwamba 2008 fikafikan da ke tara masa hasken rana suka daina aiki, wuta ta ƙare masa, ya mutu bai cika shekara biyu ba. An yi masa inshora, kuma a watan Disamba 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R. Na taɓa ba da wannan labari a dakalin ƙofar gidana bayan la'asar, sai wani dattijo maƙwabcina, mutum mai tsoron Allah, ya ɗaga carbinsa ya ce, "Malam, ai abin da ke sama na mai sama ne. Kwanansa ne ya ƙare. Kai ma ka bar tone-tone, kada ka munana wa bayin Allah zato." Na ce, "Baba, gaskiya ne, kwanansa ya ƙare. Amma wanda ya sa hannu a takardar ba nasa kwanan ya ƙare ba, kuma ana iya tambayarsa." Ya yi shiru, bai gamsu ba, ni ma ban ja da shi ba saboda girmansa.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma yadda na fahimci karatun malamanmu, ƙaddara mafaka ce ga wanda musiba ta sama, tana sanyaya masa zuciya. Ba a ba wa ma'aikaci ita don ya kāre kansa daga tambaya ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Wato ɗaukar mataki, da auna abu kafin a shiga, da binciken abin da ya faru bayan an fita, duk ba su fita daga hukuncin Allah ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi da ya dawo daga karɓar zakka, kuma bai yarda da kyautar da ya ware wa kansa ba. Sahabi ne fa. Babu wanda ya kira wannan munana zato.

Wani zai ce ai wannan zakka ce, tauraro kuwa sha'anin injiniyoyi ne, talaka bai san kansa ba. Nan ne ma nake ganin nauyin ya fi yawa. A masallacin unguwarmu, ma'aji yakan miƙe bayan sallah da littafinsa mai shuɗin bango, ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a kan tabarmi da man janareto, har sauran canjin da ya rage. Ana iya kama kuskurensa, don kowa ya san kuɗin tabarma. Amanar da mai ita ba zai iya dubawa da idonsa ba, ita ce ta fi bukatar shaidu. Ba wanda zai hau sama ya ga ko tauraro na aiki. Saboda haka wanda ke riƙe da shi, shi ne ya wajaba ya sauko da bayanin, ba sai an roƙe shi ba.

Amurkawa ma da hasara suka koyi wannan. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, 'yan sama jannati 7 suka mutu. Kwamitin binciken da aka kafa ya gano wata roba ce mai toshe mahaɗar roka ta kasa aiki saboda sanyi. Ya kuma gano abin da ya fi wannan ciwo: injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren da ya gabata, manya suka danne maganar. Ajalin mutanen nan ya zo, wannan babu shakka. Amma da an tsaya a nan, da ba a san cewa matsalar tana cikin ɗakin taro ba. Har yau akwai ofishin babban sufeto da ke bin diddigin NASA, hukumar sararin samaniyarsu, kuma na'urar hangen nesa ta James Webb, da ta ci wajen dala biliyan 10 kafin a harba ta a Disamba 2021, sai da ta sha tuhuma a majalisarsu saboda jinkiri da hauhawar kuɗi. Tuhumar ba ta hana ta tashi ba.

Ba na zargin kowa da cin kuɗi, kuma ba zan rage wa ma'aikatanmu abin da suka yi ba. Hotunan NigeriaSat-1 sun taimaka wa masu agaji lokacin guguwar Katrina a Amurka a 2005, kuma tauraron ya zarce shekara 5 da aka ɗibar masa, ya kai 2012. A watan Agusta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, shi NigeriaSat-X injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu. Wannan abin alfahari ne. Sai dai NigeriaSat-2 shekara 7 aka ƙera shi ya yi, kuma shekarun da jama'ar nan suka fi bukatar ido a kan daji sun zo ne bayan wa'adin ya cika. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da tamu, domin a datse wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Na ga mutane suna bin hanyar Magama ta bakin iyaka da layin Nijar a cikin waya, suna ɗaga ta sama suna neman sabis, don kawai su ji lafiyar ɗan'uwa da ke Kano.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowace shekara hukumomin da ke kula da taurarin nan suna zuwa gaban kwamitocin Majalisar Tarayya su kāre kasafinsu, akwai kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. To, a fito da abin da aka faɗa a can cikin Hausa, a rediyo, yadda mai kiwo da mai sayar da ƙosai za su gane: taurari nawa ke aiki, nawa aka ware, nawa aka saki, nawa ya tafi albashi, nawa ya tafi bincike, kuma hotunan suna isa ga masu tsaro da masu hasashen damina ko suna kwance a kwamfuta. Sirrin tsaro a ɓoye shi, mun yarda, amma adadin kuɗi ba sirri ba ne. Malamai kuma su daina ganin wannan magana ta 'yan boko ce kawai. Wa'adin shekara 15 na NigComSat-1R ƙarshensa Disamba 2026 ne, kuma ɗan majalisar da ke wakiltar Jibiya da Kaita yana da bakin tambayar abin da aka tanada a madadinsa, da nawa, da kuma wanda zai sa hannu.