Ɗigo Biyu Ba Ya Rage Imani

Ɗana, matso kusa ka zauna, akwai maganar da na daɗe ina so mu yi. Labarin hirar da kuke yi a majalisa bayan sallar isha'i yana zuwa mini. Wasunku na cewa duk wanda ya zurfafa a boko, musamman kimiyya, imaninsa sai ya yi rauni. Wasu kuma da suka je jami'a suka dawo sun fara yi wa iyayensu kallon mutanen da duhun kai ya rufe. Duka biyun suna damuna ƙwarai, domin na ga inda irin wannan magana ta taɓa kai mu, kuma a ƙafafun yaranmu na gan shi.

Fara da gonarku ta nan Gammo. Mahaifinka ba ya shuka don an yi yayyafi sau ɗaya. Sai ya tona ƙasa da hannu ya ga zurfin danshi. Tun da kaka yake ware zangarniyar da ta fi cika ya adana don iri, tun da rani yake kai taki. Malaman hisabi kuma suna ƙirga masa taurarin damina, kusan kowanne da kwana 13, su ce an shiga tauraro kaza, shuka ta yi ko ta wuce. Lura ce wannan, da gwaji, da ƙidaya, kuma daga nan abin da ake kira kimiyya ya tsiro. Amma ka tambaye shi yaya amfanin bana, zai ce maka sai abin da Allah ya yi. Ka taɓa ganin aikin hannunsa da maganar bakinsa sun yi faɗa? Madatsun Guzu-Guzu da Magaga injiniyoyi ne suka auna suka gina, kuma masu noman rani da ke ban ruwa da su, su ne dai ke fita roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri.

To, bari in kawo ka kan shan-inna. Dubi sunan kansa. A tsohon zaton mutanenmu, Inna aljana ce daga cikin iskokin bori, ita ce ke shanye ƙafar yaro. Ka ga ashe wannan bayani ba daga Alƙur'ani ya fito ba, ba kuma daga hadisi ba. Gadon camfi ne da ya zauna tare da mu har muka ɗauka wani yanki ne na addini. Masu bincike kuwa sun gano ƙwayar cuta ce, tana shiga ta baki a ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, wani lokaci ta kai ga laka ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa. A cikin kimanin yara 200 da ta kama, ɗaya ne yake shanyewa har abada, sauran su yi ta yaɗa ta ba tare da an sani ba. Idan ƙafa ta shanye babu maganin da zai dawo da ita. Abin da ke akwai shi ne riga-kafi, ɗigo biyu a baki.

A shekarar 2003 aka dakatar da wannan riga-kafi a Jihar Kano, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, bayan da Dakta Ibrahim Datti Ahmad da wasu shugabanni suka yi zargin an sa wa maganin abin hana haihuwa. Kada ka yi saurin zagin mutanen wancan lokaci, ɗana, don tsoronsu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 11 suka rasu a cikinsu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ga kuma tambayar da talaka yake yi a bakin ƙofarsa: me ya sa ake bin mu gida-gida da maganin kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun sayar da akuya? Tambaya ce mai ma'ana, kuma har yau ba a gama amsa ta ba.

Amma ga abin da nake so ka riƙe. Tambayar ko akwai guba a cikin kwalba, ba a amsa ta da hawa mumbari ko da rantsuwa. Ɗakin gwaji ake kai kwalbar a duba. Haka kuwa aka yi daga ƙarshe: aka yi gwaje-gwaje, aka samo maganin daga Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, aka ci gaba da riga-kafi a Kano a watan Yuli na 2004. Sai dai watannin da aka rasa sun yi tsada. Nijeriya da ke da kimanin yara 200 da cutar ta shanye a 2002, ta wuce 1,000 a 2006. Ƙwayar ta bi matafiya ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiyar kanta. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan riga-kafi tara a birnin Kano. Bayan sarakuna da malamai sun sa baki, an ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a Jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila a 2014, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar Afirka ta rabu da ita. Yaran da suka shanye a tsakani kuwa sun zama samari yanzu. Kana ganinsu a kan keken guragu ranar kasuwa a Gwarzo da Kabo, kuma duk sanda na gamu da ɗayansu zuciyata takan yi nauyi.

Za ka ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. Amma ka tuna Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya ji labarin annoba a kan hanya, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Waye a Gammo ya kai Umar tawakkali?

Sai batun gaibu, wanda na san shi ke ci muku tuwo a ƙwarya. Ana cewa mai hasashen yanayi a rediyo da mai hoton ciki a asibiti suna shiga hurumin Allah. Likitan da ya ce namiji ne a cikin nan, abin da Allah ya riga ya halitta ya leƙa da na'ura, kamar yadda kake haska tocila a cikin rumbu. Bai san ko yaron zai rayu ba, bai san arzikinsa ba, bai san ƙasar da zai mutu ba. Mai hasashe ya ga hadari yana haɗuwa, amma ba shi da ikon sauko da ɗigo ɗaya. Ran 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi har Katsina da Gusau suka yi duhu da hantsi. Masana taurari sun faɗi ranar da sa'ar tun da wuri, aka kuma cika masallatai aka yi sallar husufi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya kore camfin da ke kan husufi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya koyar da cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ba ta taɓa su. Sanin sa'ar ayar bai hana ta zama aya ba.

Kai kuma da ka yi karatu, ga taka. Kimiyya za ta gaya maka yadda ƙwayar cuta ke shiga jiki, amma ba ita za ta hana ka gwada magani a kan ɗan talaka ba tare da izinin uwarsa ba. Amana ce ke hana wannan, da sanin cewa akwai ranar hisabi. Kada kuma ka rataye imaninka a kan bidiyon da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai wani Bature ya tabbatar da aya kaza. Masu kimiyya suna gyara maganarsu duk sanda sabuwar hujja ta zo, nan ne ma ƙarfinsu yake. In ka ɗaure imaninka a binciken bana, ina za ka sa kanka ranar da aka gyara shi? Kakarka ba ta taɓa ganin madubin likita ba, amma ta binne 'ya'ya ta tashi ta yi sallar asuba tana gode wa Allah. Wannan shi ne imani da gaibu, kuma digirinka bai kai ka inda ta kai ba tukuna. Ka yi wa tsofaffi bayani da ladabi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido, ba wanda ya ce ya bar hanyar mahaifinsa Shehu.

Masu ɗigon nan har yanzu suna zagaye, domin akwai wani nau'in ƙwayar da ke kama yaran da ba su sami cikakken riga-kafi ba. Idan suka yi sallama a gidanka, ka tambaye su duk abin da ya shige maka duhu, haƙƙinka ne. Sannan ka ce wa maiɗakinka ta fito da yaran, ka yi bisimilla a ɗiga musu. Ka duba katin jaririnka yau ɗin nan, in akwai allurar da ta wuce shi, ka ɗauke shi a babur gobe da safe ka kai shi asibiti. Allah ya raya mana su da ƙafafunsu da imaninsu.