Aikin da bai kai ƙarshe ba, asara ne?

Kowace shekara ran 2 ga watan Disamba masu son kiɗan Turawa suna tunawa da wani makaɗi mai suna Dinu Lipati. Mutumin ƙasar Rumaniya ne. An haife shi a 1917, ya rasu a birnin Jeneba na ƙasar Suwis a 1950, yana da shekara 33. Abin kiɗansa piyano ne, wani babban akwati mai maɓallai farare da baƙaƙe da ake kaɗawa da yatsu.

Ciwon daji ya daɗe yana cin jikinsa. Ran 16 ga Satumba 1950 aka shirya zai yi wasa a garin Bezanson na Faransa. Likitoci suka ce ya haƙura ya kwanta, shi kuwa ya ƙi, don jama'a suna jiransa. A ƙarshen shirin akwai kiɗa 14 na wani gwani mai suna Shopan. Ya kaɗa 13, sai ƙarfi ya ƙare, ya tashi ya fita. Jim kaɗan ya komo, ya kaɗa wani kiɗa mai sanyi na Bak, ya yi sallama. Bai ƙara fitowa gaban jama'a ba.

To, me za mu ce? Wani zai ce ganganci ne, lafiya amana ce, kuma ga shi bai ma gama ba. Akwai gaskiya a maganar lafiya, domin jin shawarar likita ba ragwanci ba ne. Amma zancen rashin gamawa ban yarda da shi ba. An ɗauki wasan nan a faifai, har yau ana saurarensa. Ɗayan da ya rage bai rage darajar 13 ɗin ba.

A ajinmu na yaƙi da jahilci na sha jin dattijo yana cewa: "Malam, na tsufa, ba zan kai ga karanta jarida ba, don me zan fara?" Ni kuwa sai in tambaye shi: wa aka yi wa alkawarin zai gama? Manomi yana shuka bai san ko zai ga kaka ba. Wanda ya iya rubuta sunansa kaɗai ya daina dangwala yatsa a takarda, kuma wannan ya zama nasa.

Kwanakinmu a hannun Allah suke. Namu shi ne mu kyautata abin da muka kama, mu tsaya inda ƙarfinmu ya tsaya ba tare da kunya ba. Allah ya sa mu dace.