Laifin Kare Ko Na Mai Kare?

Sau da yawa akan ji mai kare yana cewa, "Ai hanya ta kowa ce." Gaskiya ne, amma abin da yake na kowa ba na mutum ɗaya ba ne. A ƙofar gida maƙwabci ke shimfiɗa tabarma, nan yake alwala, nan 'ya'yansa ke wasan ƙasa. To, in karenka ya yi kashi a wurin ka wuce, wa ka bar wa shara?

Kare bai san iyaka ba, mai shi ne ya sani. Saboda haka riƙe igiya da kwashe ƙazanta a wuyansa suke. A Ingila, a shekarar 1996 an taɓa yin wata doka da ta tanadi tarar da ta kai fam 1,000 ga wanda ya ƙi kwashewa. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara. Ashe tsoron maƙwabci ba neman rigima ba ne.

Sai dai shi ma maƙwabci kada ya fara da jifa ko guba. Ya yi sallama, ya faɗa wa mai kare. Wanda kunya ba ta sa ya riƙe karensa ba, tara ba za ta koya masa zaman tare ba.