Suna Linzami Ne

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya fita ta Ƙofar Gayan, ya miƙa kudu, zai tarad da ƙasashen kabilu da yawa waɗanda a zamanin da su ke ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Zazzagawa sun ba kowace kabila suna. Akwai Gwari, da Kaje, da Katab, da Jaba. Da Turawa suka ci Zariya a 1902, sai suka ɗauki sunayen nan daga bakin Hausawa, suka zuba su cikin taswira da takardun haraji na En'e.

Amma fa ba haka mutanen nan su ke kiran kansu ba. Wanda a ke ce wa Bagwari, a wurinsa shi Gbagyi ne. Kaje su ne Bajju, Katab su ne Atyap, Jaba kuwa Ham. Waɗansu sunayen ma sun ɗauko raini. Ai har yanzu in mutum ya kasa Hausa sai a ce yana gwaranci. Saboda haka jikokinsu suka nemi a kira su da sunan da iyayensu suka bar musu. A 1995 gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa wa Atyap da Bajju masarautunsu, da sunayen da su ke so. Ƙasar da a ke kira Kudancin Zariya a da, yau Kudancin Kaduna a ke ce mata.

To, a nan ra'ayi ya rabu. Waɗansu dattawa suna cewa wannan tsirfa ce, domin sun gaji sunayen nan kaka da kakanni, ba su kuwa nufin zagi. Masu neman canji suka ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda a ke kira shi ne ya san ko kiran ya yi masa zafi.

Bazazzagi bai kamata wannan magana ta yi masa wuyar ganewa ba. Sarakunan Hausa da suka mulki birnin nan kafin jihadi, su Muhamman Makau, littattafai suna kiransu Haɓe. Kalmar Fulatanci ce, watau waɗanda ba Fulani ba. Wane Bahaushe ne zai ji daɗi a tsaya a kasuwa a kira shi Kaɗo? Abin da mutum ba ya so a yi masa, bai cancanta ya yi wa maƙwabcinsa ba.

Sai dai kira dabam, tarihi dabam. Mai rai a ke kira, shi ke da ikon sunansa. Tsohuwar takarda kuwa shaida ce, kuma ba a goge bakin shaida don maganarsa ta yi ɗaci. In aka kankare Kaje da Haɓe daga tsofaffin littattafai, yaran gobe ba za su san an taɓa yin raini ba, balle su san dalilin da aka bar shi. Gara a bar kalmar inda ta ke, malami ya bayyana wa ɗalibai wanda ya raɗa ta da abin da ta jawo.

Kada kuma a zaci sauya suna shi kaɗai ya isa magani. A 1992 gardama kan matsar da kasuwa a Zangon Katab ta zama faɗa tsakanin Atyap da Hausawa, aka yi hasarar rayuka masu yawa, har wutar ta kai Kaduna da Zariya. Irin wannan miki ba fenti a kan allon hanya ke warkar da shi ba, sai adalci a kasuwa da gona da gidan shari'a.

Duk da haka, daga baki a ke farawa. Magana zarar bunu ce. Tambayar baƙo sunan da ya ke so ba ta cin ko anini, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa a gane.