Ladabin tsoro da ladabin hankali

Masu sauraro sukan tambaye ni: idan aka bar yaro ya zaɓi abin da zai koya, ba sangarta shi aka yi ba? A matsayina na uwa mai ɗiya a irin wannan makaranta, amsata a'a ce.

Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ita ta buɗe gidan yara na farko a wannan tsari a 1907, a unguwar talakawa ta San Lorenzo da ke birnin Roma. Ta sa aka ƙera kujeru daidai tsayin yara, ƙanana da manyansu suna aji guda, kowa ya ɗauki aikin da ransa ke so: shara, zuba ruwa, shafa haruffa masu kaushi da yatsa. Amma da ƙa'ida. Wanda ya gama ya mayar da kaya mazauninsu, kuma ba a ƙwace abin da ke hannun wani.

Iyayenmu sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai da me? Yaron da bulala ta natsar, da zarar malam ya fita natsuwar ta bi shi. Wanda ya saba jiran abokinsa ya gama kafin ya ɗauka, ko babu mai kallo zai jira.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tsarin da aka fara da 'ya'yan talakawa yau galibi sai masu hali ke iya biyan kuɗinsa. Alhali tsintsiya da buta kowane gida akwai su. Haƙurin barin yaro ya zubar da ruwa ya goge da kansa ne muke rowarsa.