Maganin Neman Haihuwa da Kwanakin Sallah

'Yan'uwa, tambaya ɗaya ke ta zuwa mana daga gidajenmu nan Kafanchan: jini ya zarce kwanakinsa, a yi sallah ko a dakata? A Malikiyya hailar macen da ba ta da ciki ba ta haura kwana 15. Bayan nan jinin ciwo ne, a yi wanka a yi sallah.

To, amma me muke sayowa? Hulba da waken soya suna da sinadarai masu kwaikwayon istirojin, wanda ke tafiyar da al'adar mace. A abinci ba laifi. Haɗin da ake ɗirka kullum kuwa, babu ko lambar NAFDAC, yana iya rikita kwanakin, ya ƙara nesanta cikin da ake nema.

Maigida, kai ke biyan kuɗin nan. Raka ta asibiti, ku tafi da kwalbar likita ya gani.