Ina Cibiyar Halitta?

Da asubahin yau na fita filin da ke gefen gidanmu tun kafin zakara ya yi cara ta biyu. Babu wuta a unguwa, don haka sama ta fito fes, taurari kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Na juya gabas, na juya yamma, na duba kudu da arewa. Ta kowace fuska sama ta sauko ta taɓa ƙasa a nisa ɗaya da ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gona bayan girbi ya san wannan: bangon duniya yana kewaye ka kamar bakin ƙwarya, kai kuwa kana tsaye a tsakiya. Sai dai mutumin ƙauyen gaba, idan ya fito a wannan lokaci, abin da zai gani ke nan, shi ma ya ga kansa a tsakiya. To, wane ne a cikinmu ya yi gaskiya?

Ɗan'uwa, wannan tambaya ta daɗe tana damun 'yan Adam. Girkawan dā sun kafa wani dutse a garin Delfi, suka kira shi da kalmar da ma'anarta cibiya, irin ta cikin mutum, suka ce nan ne tsakiyar duniya. Masu zanen taswira a Turai wajen shekara ta 1300 sukan sa Urushalima a tsakiyar takarda, sauran ƙasashe su kewaye ta. Sunan da Sinawa suke kiran ƙasarsu da shi ma'anarsa ƙasar tsakiya. Mu ma, in mutum yana so ya nuna wurin da ya fi kowane wuri a zuciyarsa, sai ya ce inda aka binne cibiyarsa. Kowa ya ja tsakiya zuwa ƙofar gidansa.

Masu binciken taurari ma da nan suka fara. Batlamiyus, masanin birnin Iskandariya na ƙasar Masar a ƙarni na 2, ya tsara sama da ƙasarmu a tsakiya, rana da wata da taurari suna kewaya ta, aka kuwa yi ta koyar da haka kusan shekara 1,400. A 1543 littafin Kofanikus ya fito, ya ce rana ce a tsakiya. A 1610 Galileyo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari, ba ruwansu da mu. Aka zauna a kan rana, har 1918 lokacin da wani Ba'amurke, Harlo Shafli, ya nuna cewa ranar tamu ma can take a gefe cikin wani babban garken taurari, wannan farin layi mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama idan dare ya yi duhu. Taurarin garken sun haura biliyan 100. Hasken rana yana iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, amma daga tsakiyar garken sai haske ya yi tafiyar shekara kusan 26,000 kafin ya zo nan. Garken kuma ba shi kaɗai ba ne, irinsa ba su lissaftuwa.

A nan nake so mu ɗan zauna, domin a nan ne abin ya fi ban mamaki. A 1929 Edwin Habul ya bayyana cewa garkunan taurari na nesa suna ƙara nisa da mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi saurin tafiya. Da jin haka zuciya za ta ce, ashe dai mu ne a tsakiya, tunda kowa daga wurinmu yake gudu. Amma shekara biyu kafin nan, a 1927, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Joj Lemetar, wanda kuma gwanin lissafi ne, ya riga ya rubuta bayanin abin. Sararin ne kansa yake buɗewa, yana ɗauke da garkunan.

Ka tuna yadda ake kwaɓin fanke. A ce an barbaɗa riɗi a cikin kwaɓin, an sa yis, an rufe. Yayin da kwaɓin yake tashi, kowace ƙwayar riɗi tana nisa da 'yan'uwanta. Wadda ke kusa ta matsa kaɗan, wadda ke nesa ta matsa da yawa, domin kwaɓin da ke tsakaninsu ya fi yawa. Da ƙwayoyin suna da ido, kowacce za ta rantse ita ce a tsakiya. Misalin yana da iyaka, domin kwaɓi yana cikin roba, yana da gefe, yana da tsakiya, shi kuwa sarari ba wanda ya hango masa gefe. A 1965 wasu masana biyu a Amurka, Fenziyas da Wilson, suka ba da labarin wata 'yar ƙara da na'urarsu take kamawa dare da rana, ko'ina suka juya ta. Ragowar zafin farkon halitta ce, tun kusan shekara biliyan 13.8, tana zuwa daga kowace kusurwa kusan da ƙarfi ɗaya. Babu wani gefen sama da za a nuna da yatsa a ce daga can abin ya faro. Ya faro a ko'ina, har da wurin da kake zaune yanzu. Iyakar abin da aka auna, halitta ba ta da cibiya, kowane mai kallo kuwa yana tsakiyar abin da idonsa ya kai.

Ba na so in mai da lissafin masana wa'azi. Shi Lemetar kansa, da yake limami, bai yarda a ɗauki bincikensa a mai da shi hujjar bangaskiya ba, ina kuwa ganin ya yi daidai. Madubin hangen nesa ba zai hango Allah ba. Amma mai bi ba ya kallon aikin hannun Ubangijinsa ya wuce shiru, abin da na gani da asubahin nan kuwa ya taɓa ni a wuri mai ciwo.

Kwanakin baya aka yi biki a danginmu. Na yi ɗawainiya, na kashe kuɗi, na hana idona barci. Da aka zo godiya, aka kira sunan wane da wane, ba a kira nawa ba. Na koma gida zuciyata tana tafasa, na yi kwana uku ban gai da masu bikin ba. Daga baya na ji cewa a ranar bikin uwar amarya tana da ɗa kwance a asibiti, jikinta ne kawai a wurin taro. Na ji kunya ƙwarai. Na tsaya a filina, na ga bangon duniya ya kewaye ni, na ɗauka dukan bikin ni yake kewayawa. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma daga nan yake farawa, daga mantawa cewa wanda ke gabanka shi ma yana da nasa bangon duniya, da nasa kaya a ka.

Akwai kuma wani mutum dabam, wataƙila kai ne, ko ke. Shi ba ya ganin kansa a tsakiya. Yana ganin an jefar da shi can gefe, a ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina, a gadon asibitin da masu dubiya suka daina zuwa, a ɗakin gwauruwar da aka manta da ita bayan an watse daga zaman makoki. Yana tsammani akwai wani wuri inda al'amura suke faruwa, inda addu'a take saurin isa, shi kuwa ya yi nisa da wurin.

Ka buɗe littafin Farawa sura 16 yau, ka karanta a hankali, za ka tarar da mutanen nan biyu a jikin mace ɗaya. Hajaratu baiwa ce Bamasariya a gidan Abram. Da ta ga ta yi ciki, uwargijiyarta Saraya kuwa ba ta haihu ba, sai ta fara raina ta. Ta ga kanta a tsakiyar gida. Ba a daɗe ba wulaƙanci ya juyo kanta, ta gudu cikin jeji da ciki, ba ɗan rakiya. Daga tsakiya ta faɗa gefen gefe. Ka lura da wani abu: a cikin surar, duk maganar da Abram da Saraya suka yi a kanta, ba wanda ya ambaci sunanta, baiwa kawai suke cewa. Wanda ya fara kiranta da sunanta shi ne mala'ikan Ubangiji, a bakin wata maɓuɓɓugar ruwa a hanyar Shur. Babu bagade a wurin, babu alfarwa, babu mai shaida. A can aka same ta, aka tambaye ta inda ta fito da inda za ta, aka ba ɗan cikinta suna Isma'ilu, wato Allah yana ji. Ita kuma ta kira Ubangiji Allah mai ganinta. Ba a ce mata ta yi daidai da ta raina uwargijiyarta ba, komawa ma aka ce ta yi. Amma ta koma da sanin cewa jejin nan bai fi alfarwar Abram nisa da Allah ba ko da taki ɗaya.

Wannan ne ya kwantar mini da hankali. Allah ba ya zaune a wata kusurwar sarari da za a ce wasu sun fi wasu kusa da shi. Shi ya yi sararin, sararin ba ya ɗaukarsa. Garken taurarin da haskensa ya yi shekara miliyoyi a hanya da ɗakin da kika kwana kina kuka, duka a gabansa suke. Allah gatan kowa, haka iyayenmu suke faɗa, gaskiya kuwa suka faɗa.

Ita ma kalmar cibiya tana da abin koya mana. Mun ɗauke ta muka ba tsakiyar abu, amma cibiyar jikinka tabo ce. Shaida ce cewa ka yi wata tara ba ka nemi abinci ba, ba ka ja numfashi da kanka ba, wata ce take ci kana ƙoshi. Sarki yana da ita, almajiri yana da ita. A tsakiyar jikin kowa aka sa alamar cewa ba shi ya yi kansa ba.

Ya Ubangiji, kai da ka shimfiɗa sammai, ka kuma sami Hajaratu a jeji, ka sauko da ni daga wurin da ba nawa ba. Ka ɗaga wanda yake ganin an manta da shi. Ka ba ni ido in ga kayan da ke kan ɗan'uwana. Amin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, gari ya waye. Kafin ka fita, ka tuna da mutum ɗaya wanda aka daɗe ba a leƙa shi ba, ka ambaci sunansa a gaban Allah. In da hali, ka taka ka je ka gaishe shi yau.